Ba yunwa da facakar sarauniya kaɗai suka kayar da sarkin Faransa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dalilin wasiƙata shi ne rubutun da kuka buga a shafin tarihi kan juyin juya halin Faransa na 1789. Rubutun ya yi daɗin karatu ba laifi, kuma na ji daɗi da aka fara kawo mana irin wannan da Hausa, amma gaskiya akwai inda ban gamsu ba, shi yasa na ce bari in tofa albarkacin bakina in dai za a ban fili. Malamin da ya yi rubutun ya tattara komai ya jibga a kan abu biyu, wai talaka ya ji yunwa, sarauniya kuma tana ta facaka da dukiya, sai mutane suka fusata suka tashi suka tuntsurar da sarki, shikenan. Har ya kawo maganar nan da ake ta yawo da ita, wai da aka gaya ma sarauniya Marie Antoinette talakawa ba su da burodi sai ta ce to su ci kek mana. Masana tarihi sun bi diddigin maganar nan ba su samu shaidar ta faɗa ba, an ma rubuta irin labarin a kan wata gimbiya da ba a ambaci sunanta ba tun ita tana ƙaramar yarinya a gidansu a Ostiriya, daga baya ne aka liƙa mata.

Ni abin da nake so masu karatu su duba shi ne, yunwa ai ba baƙuwa ba ce a Faransa. A 1693 zuwa 1694 an yi wadda ta kashe sama da mutum miliyan ɗaya, an sake wata a 1709, kuma Louis na 14 na zaune a kan gadonsa ko gezau bai yi ba har ya mutu a 1715. Shi kansa Louis na 16, sarkin da aka tuntsurar ɗin, bai fi shekara da hawa ba aka yi boren fulawa a 1775, mutane suka yi ta fasa kasuwannin hatsi da shagunan burodi a Paris da kewaye, aka turo soja, aka rataye mutum biyu, ƙura ta lafa. To in dai yunwa ce kawai mai kayar da sarki mai yasa duk waɗannan ba su kayar ba sai ta 1789? Facakar fada kuwa gaskiya ce an yi ta, amma in ka duba kasafin kuɗin 1788 abin da ake kashe ma fadar Versailles da duk tarkacenta bai wuce wajen kashi 6 cikin 100 ba. Kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa kuwa bashi ne da kuɗin ruwansa. A nan gizo ke saƙar, kuma a nan ne rubutun naku ya wuce da sauri kaman ba komai.

Bashin daga yaƙi ya fito. An yi yaƙin shekara bakwai da Ingila daga 1756 zuwa 1763, Faransa ta sha kashi, ta rasa Kanada da kusan duk abin da take taƙama da shi a Indiya, ga kuɗi sun tafi. Abin ya tsaya musu a rai, sabida haka da Amurkawa suka yi ma Ingila tawaye sai Faransa ta ga ga damar ramuwa ta samu, ta shiga yaƙin a 1778 da jiragen ruwa da sojoji da kuɗi, aka ci nasara a 1783, Amurka ta samu 'yanci, Faransa kuma ta koma gida da sabon bashin da ya haura livre (kuɗin Faransa na lokacin) biliyan ɗaya. Ministan kuɗin lokacin, Necker, ɗan banki ne daga Geneva, shi dabararsa ita ce kar a ƙara ma kowa haraji a dai yi ta ciwo bashi da ruwa mai tsada, a 1781 har ya buga lissafin baitulmali ya baza a kasuwa yana nuna wai akwai rarar livre miliyan 10, alhali ya ware kuɗin yaƙin gefe bai sa a ciki ba. Mutane suka yi ta yaba masa. Wannan rufa-rufar ta yi ɓarna daga baya ba kaɗan ba, dan duk ministan da ya zo bayansa ya ce asusu ya bushe sai a ce ƙarya yake, ba ga Necker ya bar rara ba, ku ne dai kuka cinye.

Amma bashi shi kaɗai ba ya kashe ƙasa. Ingila ma ta fito daga yaƙe-yaƙen nan da bashi jibge a kanta, kuma in aka bi kai-kai Baturen Ingila ya fi Bafaranshe biyan haraji. Bambancin shi ne can akwai majalisa da take amincewa da haraji kuma take tsaya ma bashin, ga Bankin Ingila tun 1694, dan haka masu ba da rance sun yarda za a biya su, suna bayarwa da ruwa kaɗan. Sarkin Faransa kuwa ba mai tambayarsa lissafi, kuma sarakunan baya sun sha cinye ma mutane kuɗi su ce ba za su biya ba, to wa zai ba ka rance da sauƙi? Sai da ruwa mai yawa. Ikon nan na wuƙa da nama da ake ganin shi ne ƙarfinsa, a wajen masu kuɗi shi ya ja masa rashin yarda.

Sai kuma yanda ake karɓar harajin, wanda ni a ganina nan ne asalin ciwon. Mutanen Faransa a lokacin sun kai wajen miliyan 28, an kasa su gida uku a doka. Na farko malaman coci, ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba amma kusan kashi 10 na ƙasa a hannunsu yake, ba sa biyan haraji irin na kowa, sai dai su zauna a taronsu su yanke abin da za su ba sarki da sunan kyauta. Na biyu masu sarauta da 'ya'yan manyan gidaje, su ma 'yan tsiraru, suna riƙe da wajen rubu'in ƙasa, kuma babban harajin nan da ake kira taille ba ya hawa kansu. Kar in zalunce su, akwai wasu harajin da suke biya, kaman na kashi ɗaya cikin ashirin da aka kawo a 1749, sai dai da hanya da sanayya yawanci sukan sa a rage musu. Duk sauran jama'a, daga attajirin Bordeaux mai jiragen ruwa da lauya da likita har zuwa lebura da manomin da ba shi da ko taki ɗaya na gona, an cusa su a gida na uku.

A ɗan tsaya a dubi manomi guda ranar girbi. Ya yanke alkamarsa ya ɗaure, kafin ya kai gida mai karɓar ushirin coci ya zo gona ya ɗebi nasa dammunan. Ubangidan ƙasar yana da nasa kaso, wani wuri da hatsi wani wuri da kuɗi. In zai niƙa abin da ya rage a ƙauyuka da dama dole sai a injin niƙan ubangidan kuma ya biya, in zai gasa burodi sai a tandun ubangidan ya sake biya. Tantabarun ubangida da zomayensa za su sauka su cinye masa shuka ba shi da ikon harbin ko ɗaya dan farauta ta manya ce, in sun fito farautar ma a kan dawakai ta cikin gonarsa za su bi. Bayan wannan ga taille na sarki, ga aikin tilas na gyaran hanya da za a ɗauke shi kwanaki ba ko sisi. Sannan gishiri. Wannan na gishiri wallahi duk sanda na tuna sai in riƙe baki, a yankunan da harajin ya fi tsanani, harda Paris, doka ce duk wanda ya wuce shekara 8 sai an saya masa wajen kilo 7 a shekara daga rumbun gwamnati a farashin da aka yanka, ko kana so ko ba ka so, alhali a Brittany babu harajin kwata-kwata, sai ka ga tsakanin gari da gari maƙwabta farashi ya ninka sama da sau 20. Ai dole fasa-ƙwauri ya zama sana'a, maza da mata da yara, har karnuka ake koya ma tsallaka iyaka da gishiri ɗaure a jiki, wanda aka kama kuma yana iya ƙarewa a bautar jiragen sarki.

Kuma ba ma'aikatan gwamnati ke karɓar irin wannan harajin ba, kwangila ake bayarwa. Wasu attajirai ne za su biya sarki dunƙulallen kuɗi su kuma su shiga gari da dogarawansu su tatsi abin da za su iya, abin da ya hau nasu ne. Daga 1784 har katanga suka fara zagaye Paris da ita mai ƙofofin kwastan dan kar ko tulun giya ko itacen wuta ya shiga birni ba a biya ba. Dan haka talaka yana jin ana tatsarsa har ƙashi, baitulmali kuma yana kukan ba kuɗi, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa.

To mutum zai ce, ba sarki ne mai cikakken iko ba, mai zai hana ya buga doka kawai ya ce daga yau kowa ya biya? A baki haka ne. Louis na 15 ya taɓa shiga kotun Paris a 1766 ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa iko duka a jikinsa shi kaɗai yake. Sarki na iya sa hannu a takarda a ɗaure mutum ba shari'a. Majalisar ƙasa mai wakilan gidajen nan uku rabon da a kira ta tun 1614. Amma a aikace sarakunan sun daɗe da ɗaure kansu da kansu, sabida duk sanda suka matsu sai su sayar da muƙami, alƙalanci da akawun kotu da mai karɓar haraji duk na sayarwa ne, dubun dubbai, wanda ya saya ya zama dukiyarsa ya bar ma ɗansa gado, wasu muƙaman ma suna mai da mutum basarake ya fita daga layin masu biyan taille. Ba ka iya korarsa sai ka maida masa kuɗinsa, kuɗin kuma babu. Manyan kotunan nan 13 da ake kira Parlement, na Paris ne babbansu, duk irin waɗannan alƙalan ne a ciki, kuma sabuwar doka ba ta aiki sai sun shigar da ita rajista. Louis na 15 ya gaji da su ya rusa su a 1771. Jikansa Louis na 16 ya hau a 1774 yana ɗan shekara 19, yana son a so shi, sai ya dawo da su. Daga nan fa duk ministan da ya taɓo aljihun manya sai ya ga ba daidai ba. Turgot ya zo ya ce a soke aikin tilas na hanya a maye shi da harajin da duk mai ƙasa zai biya, kotu da 'yan fada suka taso masa, a 1776 sarki ya sallame shi.

Wani ministan kuɗi mai suna Calonne ne ya zo ya fasa ƙwan. A watan Agustan 1786 ya gaya ma sarki cewa giɓin shekara ya haura livre miliyan 100, rance ya kusa gagara, kuma faci ba zai ƙara yi ba sai an sake tsarin gaba ɗaya, ya kawo shawarar harajin ƙasa guda da zai hau kan kowa, bishop ne ko basarake ko manomi. Da yake ya san kotu ba za ta yarda ba sai ya ce a tara manyan ƙasa 144 da sarki zai zaɓa da hannunsa, 'yan uwan sarki da bishop-bishop da manyan alƙalai, a tunaninsa tunda sarki ne ya gayyato su za su sa albarka kawai. Suka zauna a Fabrairun 1787 suka ce sam, a kawo littattafan lissafi tukuna mu gani. Wasunsu son kai ne tsagwaronsa, wasu kuwa da gaske suke cewa ba za a ƙara zuba kuɗi a hannun gwamnatin da ba mai bincikarta ba, Lafayette wanda ya yi yaƙi a Amurka ma a nan ya miƙe ya nemi a kira majalisar ƙasa. A Afrilu aka kori Calonne, aka ɗauko Brienne, babban bishop ɗin Toulouse wanda yana cikin masu sukarsa, shi ma da ya zauna ya ga lissafin sai ya dawo da kusan abin da ya gama zagi.

Daga nan sai dambe tsakanin sarki da alƙalansa. Kotun Paris ta ce sabon haraji sai majalisar ƙasa, aka kore su zuwa Troyes a Agustan 1787, aka sasanta suka dawo. A zaman 19 ga Nuwamba sarki ya zo da kansa ya ce a shigar da dokar sabon rance, ɗan uwansa Duke na Orléans ya miƙe ya ce wannan ya saɓa doka, sarki ya daburce ya ce halal ne tunda shi ya ga dama, washegari aka kori Duke ɗin daga Paris. A Mayun 1788 aka kama alƙalai biyu aka ƙwace ma kotunan iko, larduna suka ɗau zafi, a Grenoble ranar 7 ga Yuni mutanen gari suka hau rufin gidaje suna jifan sojojin sarki da tayil ɗin rufi dan kare alƙalansu. Malam Edita a lura da wannan da kyau, har zuwa nan babu maganar burodi, kuma masu ja da sarki ba talakawa ba ne, masu hannu da shuni ne da masu rigunan alƙalanci, talaka yana tafa musu ne kawai a zatonsa yaƙinsa suke yi. A 8 ga Agusta gwamnati ta sallama ta ce za a kira majalisar a Mayun 1789, a 16 ga wata baitulmali ya dakatar da biyan wani ɓangare na bashinsa da tsabar kuɗi, aka dawo da Necker. Sarautar mai cikakken iko a nan ta faɗi in ka tambaye ni, wata 11 kafin kowa ya doshi Bastille, gidan yarin sarki da ke Paris.

Sai allura ta tono garma. A Satumba kotun Paris ta ce majalisar za ta zauna ne yanda ta zauna a 1614, ma'ana kowane gida a ɗakinsa kuma kowane gida ƙuri'a ɗaya, kenan coci da masu sarauta su haɗa kai biyu da ɗaya kullum. Cikin 'yan kwanaki alƙalan da ake ɗauka a kafaɗa suka zama abin zagi, mutane suka gane ashe ba dan su ake yi ba. Rigima ta tashi daga sarki da manya ta koma gida na uku da sauran biyun. A Disamba sarki ya yarda a ninka wakilan gida na uku su kai wajen 600, daidai da sauran biyun a haɗe, amma ya yi shiru a kan ko kai-kai za a ƙirga ƙuri'a ko gida-gida, wanda shi ne duk maganar. Ƙananan takardu suka cika gari, wadda ta fi tashe ita ce ta wani malamin coci Sieyès a Janairun 1789, inda ya ce gida na uku shi ne ƙasar baki ɗaya amma ba a ɗauke shi bakin komai ba. Sannan gwamnati da kanta ta ce kowane ƙauye da kowace ƙungiyar sana'a su zauna su rubuta koke-kokensu a kawo, aka rubuta dubun dubbai. Ka tara mutanen da ba a taɓa tambayarsu komai ba ka ce su lissafa abin da ke damunsu, ai ka sa musu rai kenan, kuma yawancin takardun nan cike suke da yabon sarki, ba wanda ya ce a cire shi, haraji da ushiri da tantabarun ubangida suke kuka da su.

A daidai wannan gaɓar ce yunwar ta shigo, kuma ban raina ta ba. Ranar 13 ga Yulin 1788 aka yi ruwan ƙanƙara da ya kwantar da amfanin gona a yanki mai faɗi na arewacin ƙasar, girbi ya lalace, sai hunturu mai tsanani ya biyo har kogin Seine ya daskare, injinan niƙa masu aiki da ruwa suka tsaya, jiragen hatsi suka kasa shigowa. Burodi mai nauyin laba 4 da ake saya sou 9 (sou ƙaramin kuɗinsu ne) a Paris ya kai sou 14 da rabi a Fabrairun 1789, lebura kuwa abin da yake samu a yini bai wuce sou 20 zuwa 30 ba, in ya samu aikin kenan, dan masaƙu da yawa sun rage ma'aikata tun bayan yarjejeniyar ciniki ta 1786 da ta buɗe ma kayan Ingila masu araha ƙofa. Mai iyali burodi ɗaya ba ya isarsa a yini, ka yi lissafin da kanka. A ƙarshen Afrilu jita-jita kawai aka yi cewa wani mai masana'antar takardar ado ta bango, Réveillon, ya ce a rage albashi, aka wawashe gidansa da masana'antar, soja suka buɗe wuta aka kashe mutane da dama. Abin da yunwar ta yi shi ne ta ba lauyoyin da suka je majalisa a Versailles suna wakiltar gida na uku dakarun da ba su da su. In da babu ita da wataƙila sarki ya kore su da soja an wuce wajen, in da kuma babu su da an yi boren burodi irin na 1775 an rataye mutum biyu an koma gida.

Maganar marubuta irin su Voltaire da Montesquieu da Rousseau da ake yawan kawowa, eh sun yi tasiri, su suka ba masu ilimi kalmomin da suka yi faɗan da su, raba iko da 'yancin ɗan ƙasa da cewa mulki na al'umma ne. Amma dukkansu sun mutu kafin 1789, kuma an shekara da shekaru ana karanta su a falon manyan gidajen nan ba abin da ya faru. Abin da ya fi cin mutuncin sarautar a idon mutanen titi ƙananan littattafan batsa da tsegumi ne da ake shigowa da su a ɓoye a kan sarauniya da 'yan fada, da badaƙalar sarƙar lu'ulu'u ta 1785 wadda wata 'yar damfara ta yaudari wani babban malamin coci, Cardinal Rohan, da sunan sarauniya, ita ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba amma kashin kajin ya manne mata har kabari. Akwai kuma takaicin 'yan boko da attajiran gida na uku, kaman dokar 1781 da ta ce ba mai zama hafsan soja kai tsaye sai ya nuna sarauta a gidansu har kaka huɗu.

Shi kuma Louis na 16 ba azzalumi ba ne irin yanda ake zana shi, mutum ne mai son farauta da gyaran makullai, mai ibada, matsalarsa ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Ya goyi bayan minista yau, gobe matarsa da ƙannensa su matsa ya sake shi. An buɗe majalisa 5 ga Mayu, wakilan gida na uku an sa su baƙaƙen kaya ba ado, masu sarauta da zinariya da gashin tsuntsu a hula, jawabin lissafin Necker ya ci awa uku, ba wanda ya ce uffan kan yanda za a yi ƙuri'a. Sati shida ana zaman jiran tsammani, a tsakiyar haka babban ɗan sarki ya rasu ranar 4 ga Yuni yana ɗan shekara 7, uban ya shiga makoki ba ya son ganin kowa. Ƙananan limaman ƙauye, waɗanda su ma talakawa ne kuma suna cike da haushin bishop-bishop ɗinsu 'ya'yan manya, suka fara tsallakowa. Ranar 17 ga Yuni gida na uku suka ce su ne Majalisar Ƙasa, kuma a duba abin da suka fara yankewa a ranar, cewa duk harajin da ake karɓa ba da yardarsu ba haramtacce ne amma a ci gaba da biya muddin suna zaune, kuma masu bin gwamnati bashi suna ƙarƙashin kariyar al'umma. Wato sun ce ma masu kuɗin Paris ku tsaya mana mu tsaya ma kuɗinku. Ranar 20 suka tarar an kulle musu zaure, suka koma wani ɗakin wasan tanis suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta tsarin mulki. Ranar 23 sarki ya ce su watse suka ƙi, ranar 27 ya yi amai ya lashe ya ce sauran gidajen su je su same su, a ɓoye kuma yana tara soja kewaye da Paris, da yawansu sojan haya 'yan Jamus da Suwizalan. Ranar 11 ga Yuli ya kori Necker, gari ya ɗauka juyin mulki ake shirin yi ma majalisa kuma bashi za a cinye, ga burodi ya kai ƙololuwar tsada.

Abin da mutane suka fara ƙonawa ma ba gidan yari ba ne, ƙofofin kwastan ɗin nan ne, 40 cikin 54. Safiyar 14 ga wata suka kwashi bindigogi wajen 30,000 a gidan tsofaffin sojoji na Invalides, babu albarushi, aka ce yana Bastille, shi ya kai su can. Fursuna 7 kacal suka tarar a ciki. Sojojin da ke gadin birnin da yawansu sun riga sun koma bayan jama'a, su suka jawo igwa. Ƙauyuka kuma da labari ya kai musu sai suka nufi gidajen iyayen gidansu, kuma abin da suka fi nema su ƙona shi ne takardun da aka rubuta wa ke bin wa nawa, wannan ya tsorata majalisa ta zauna a daren 4 ga Agusta manyan da kansu suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna yafe gatan da shekara biyu baya suka ce ko kusa ba za a taɓa ba.

Bashin kuwa bai je ko'ina ba. A 2 ga Nuwamban 1789 majalisa ta ɗora hannu a kan dukiyar coci dan a biya shi, kuma wani bishop ne, Talleyrand, ya kawo shawarar, aka buga takardun kuɗi a kan filayen aka yi ta bugawa har suka zama ba su da wata daraja, rigimar coci kuma ta raba ƙasar biyu ta jawo yaƙin basasa a yammaci. An fille kan sarki a 21 ga Janairun 1793, matarsa a Oktoba, a 1797 kuma gwamnatin jamhuriya ta soke kashi biyu cikin uku na bashin. Ina roƙon in za a ci gaba da shafin tarihin nan a ba wannan ɓangaren na 1789 zuwa 1797 nasa filin daban, dan ba zai shiga wasiƙa ɗaya ba. A gaida malamin da ya yi rubutun, ba da raini na yi masa gyara ba.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar shafin tarihi